Babi na Shida: Filin Kowa, Sharar Wa?

Mairi na gefen Hanyar Bama, kafaɗa da kafaɗa da Jami'ar Maiduguri, a ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Jere. Ƙauye ce da birni ya haɗiye. Tun da aka kafa jami'ar a 1975 unguwar take cika tana batsewa: ɗaliban da ba su sami ɗaki a cikin makaranta ba, masinjoji da direbobi da masu gadi, masu tuwo-tuwo, masu shagon buga takardu. Daga 2014, shekarar da Gwoza da Bama suka faɗa hannun Boko Haram, sai ga wani sabon ayari ya kwararo ta wannan hanya, mutanen da suka tsira da kayan jikinsu kawai. Wasu suka shiga sansanin Dalori da ke can gaba kaɗan a lokacin, wasu suka raɓe a gidajen dangi. Gidan da aka gina don iyali ɗaya ya koma ɗaukar uku.

Abin da ya fi komai yawa a irin wannan unguwa shi ne yara. To, in an taso daga boko, an dawo daga allo ko Islamiyya, rana ta yi sanyi, ina yaran nan za su? Lungu ne, ko bakin kwata, ko fulotin da mai shi bai tashi gini ba, ko filin firamare in mai gadi ya kau da kai. Ranar da tifa ta juye yashi da bulo a fulotin, ƙungiyar ƙwallon unguwa ta tashi ke nan, sai a koma kan titi ana tsayar da wasa duk lokacin da keke-napep zai wuce.

Wanda ya tsaya a bakin titin Mairi yana tsakiyar labarin da wannan babi zai bayar. In ya bi hanyar zuwa cikin gari, za ta kai shi gidan zu na Sanda Kyarimi. In ya bi ta gaba, a kimanin kilomita 20 daga birni akwai madatsar ruwa ta Alau, wadda a dā iyalai kan je bakinta shan iska a ƙarshen mako. In ya ƙara gaba, wajen Konduga da Bama, sai dajin Sambisa. Duk ukun hukuma ce ta ware su don amfanin jama'a, duk ukun an yi alfahari da su, kuma ciwo ɗaya ne ya kama su, girman ciwon ne kawai ya bambanta.

Ware wa jama'a fili ba baƙon abu ba ne a Borno. Garuruwan Kanuri na dā da dandal ake gina su, faffaɗan fili mai tsawo da ke miƙewa daga ƙofar fada. Kukawa na da nata, kuma da Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, wato Maiduguri, a 1907 an sake fitar da wani a gaban sabuwar fada. Nan ake hawan sallah, nan ake taryar baƙi, nan talaka ke ganin Shehu da idonsa. A unguwanni kuma akwai ƙofar gidan bulama, da harabar masallaci, da gindin bishiyar da dattawa ke shimfiɗa tabarma. Babu ɗaya daga cikin wuraren nan da aka taɓa yi wa bikin buɗewa, amma kowanne na da mai shi. An san gidan da za a zaga in aka wayi gari ba a share ba.

Haka ma darbejiyar da ta yi wa titunan Maiduguri rumfa. Wajen 1928 aka fara kawo irinta lardin Borno. Dashe a ƙasar da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu ba ya rayuwa da fatan alheri. Sai da wani ya yi shekaru yana ɗauko ruwa da rani, wani yana kewaye dashen da ƙaya saboda awaki. Ba mu san sunayen mutanen nan ba, amma har yau a inuwarsu ake sayar da goro ana gyaran taya.

Gidan zu na Sanda Kyarimi an buɗe shi ne a farkon shekarun 1970, lokacin Maiduguri na hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas, aka sa masa sunan Shehu Umar Sanda Kyarimi wanda ya riƙe sarautar Borno daga 1937 zuwa 1967. Yana kan titin Shehu Laminu, a tsakiyar gari. Ɗan Maiduguri da ya tashi bai shiga gidan zu da sallah ba, to a binciki yarintarsa. Yara kan tara kuɗin barka da sallah, su yi ɗinki, 'yan mata su sha lalle, a cika mota ko keke a nufi can. A ga giwa, a ga zaki, a tsokani biri, a tsaya bakin ramin kada ana gardamar ko yana da rai ko icce ne. Mai hoto ya samu, mai ƙanƙara ya samu, mai alewa ya samu. A sauran ranakun shekara kuma wuri ne na mai ƙaramin ƙarfi da ke son ya zauna a inuwa ba tare da an tambaye shi me zai saya ba, da ɗalibin da ɗakinsu ya yi masa zafi, da saurayi da budurwar da ke neman inda za su yi zance ido na ganinsu amma kunne ba ya jinsu.

A nan dole a yi wa ma'aikatan gidan adalci. A shekarun da bam ke tashi a kasuwa da tasha, aka hana hawa babur a 2011, aka yi ta sa dokar hana fita, akwai mutanen da suka ci gaba da zuwa suna yanka wa zaki nama, suna kai wa giwa ciyawa. Dabba ba ta san dokar hana fita ba. Wanda ya yi wannan aiki a kan albashin ƙaramin ma'aikaci ya cancanci a tuna da shi.

Abin da Boko Haram ba ta yi wa gidan ba, ruwa ya yi masa a dare ɗaya. Daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya taso ya shiga gari mutane na barci. Fori, Gwange, Kasuwar Monday, fadar Shehu, asibitin koyarwa na jami'a, duk ruwa ya shiga. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni fiye da 270 suka fice. Gwamna Babagana Umara Zulum ya ce abin ya shafi mutum kusan miliyan ɗaya. A gidan zu kuwa, shugaban wurin, Ali Abatcha Don Best, ya sanar da cewa an rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin, ya kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai ya shiga da su unguwanni. Duniya ta ga bidiyon jimina tana ratsa titi cikin ruwa. An yi dariya a Facebook, amma wanda ya yi tunanin dabbar da ke kulle a keji ruwa na hawa ba zai yi dariya ba.

Mutanenmu suka ce ƙaddara ce, kuma babu musulmin da zai yi jayayya da ƙaddara. Sai dai ƙaddarar nan ta daɗe tana sallama. An kammala madatsar Alau a 1986, don ta ba Maiduguri ruwan sha ta kuma shayar da fadamar Jere, tana ƙarƙashin Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, wato ta gwamnatin tarayya. Shekara 8 kacal bayan haka, a Satumban 1994, ruwanta ya mamaye Maiduguri. Daga 1994 zuwa 2024 shekara 30 ke nan, tsawon da jariri zai girma ya yi aure ya kai 'ya'yansa makaranta. Bayan ambaliyar, jaridu sun tono yadda sunan gyaran Alau ya yi ta bayyana a kasafin kuɗin tarayya shekara bayan shekara. Kwanaki kaɗan kafin ta ɓalle, mutanen ƙauyukan da ke kusa suna ta nuna damuwa, jami'ai suka je suka duba suka ce a kwantar da hankali. A farkon 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar. Kowa zai iya lissafa wa kansa ko kaso nawa na wannan kuɗi zai ishi injiniyoyin da za su riƙa zagaya ta duk damina suna toshe ɓaraka tun tana ƙarama.

Me ya sa muke iya gini ba mu iya riƙo ba? Yawanci akan amsa da kalma ɗaya, cin hanci, a wuce. Gaskiya ne, amma bai isa bayani ba, domin ko da mai gaskiya aka ɗora, tsarin da kansa yana ture kulawa gefe.

Kasafin kuɗin gwamnati gida biyu ne. Akwai na manyan ayyuka, wato gini da sayen sabbin kaya, akwai na yau da kullum, wanda albashi ke cinye mafi yawansa, abin da ya rage shi ne kuɗin gudanarwa. Fenti, man injin ban ruwa, walda, maganin dabbobi, tsintsiya, ƙwan fitila, duk daga wannan ragowa suke fitowa. In kuɗi ya yi ƙaranci ba a taɓa albashi saboda ƙungiyar ƙwadago za ta tashi, ba a son taɓa manyan ayyuka saboda su ake nunawa a talabijin. Kuɗin gudanarwa shi ne maraya. Shi ya sa duk ofishin da ka shiga da ƙorafin abin da ya lalace amsar ɗaya ce: "Mun rubuta, ba a saki kuɗi ba tukuna." Kuma sau da yawa gaskiya mutumin yake faɗa.

Sannan ga siyasa. Sabon gini na da rana, ranar yanke ƙyalle, da makaɗa, da allon da aka rubuta sunan mai girma. Shafa wa lilo giris ba shi da rana. Ɗan kwangila ma ya fi son a bar abu ya mutu murus, domin kwangilar "gyara baki ɗaya" ta fi ta sauya ƙusa maiƙo, kuma kason kowa ya fi kauri. Gwamnan da ya gaji wurin shaƙatawa daga wanda ya gabace shi ba ya ganin ribar kashe kuɗi a kan abin da sunan wani ke jiki. Wurin shaƙatawa kuwa kamar doki yake: sayensa ba shi ne wahala ba, harawa da dawa na kowace safiya su ke raba mai doki da mai sha'awar doki.

Wani zai ce ai ana karɓar kuɗin shiga. Ana karɓa, kuma ba kaɗan ba. A Yunin 2019 kusan naira miliyan 7 na cinikin kwanakin sallah suka yi ɓatan dabo a gidan zu na Audu Bako da ke Kano, har labari ya bazu cewa goggon biri ne ya haɗiye su, sai da Gwamna Abdullahi Ganduje ya fito ya ce gidan ba shi da goggon biri ma sam. An sha dariya, amma abin lura shi ne yawan kuɗin: cinikin 'yan kwanaki ke nan daga aljihun yara. A yawancin irin waɗannan wurare kuɗin ƙofa ba ya zama a wurin. Asusun gwamnati yake wucewa, sannan shugaban wurin ya ɗauki fayil ya bi ofis-ofis yana roƙon a ba shi na abincin kura. Wanda ya tara bai da ikon kashewa, wanda ke da ikon kashewa bai taɓa jin warin kejin ba.

Kada kuma mu wanke kanmu. Kujerar siminti ba gwamna ne ke zuwa da dare ya fasa ta don ya zare rodi ba. Ba kwamishina ne ke kwance ƙarfen lilo ya kai wa 'yan gwangwan ba, ba shi ke jefa wa biri leda ba. Yaron da ba zai taɓa zubar da shara a ƙofar gidan bulama ba, zai zubar a filin gwamnati uwarsa na kallo, in ka yi magana a ce maka, "Na ubanka ne?" Wannan tambaya ita ce asalin ciwon. Filin dā yana da uba. Na yanzu an ce na kowa ne, sai kowa ya fahimci cewa ba na kowa ba ne.

Sambisa ita ce ta nuna iyakar inda sakaci kan kai. Matasan yau in suka ji sunan, ba abin da ke zuwa musu sai Shekau da 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014. Amma a shekarun 1970 wurin gandun namun daji ne, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 500, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Maiduguri. Akwai giwaye, da jiminu, da gwanki, da barewa, da tsuntsaye iri-iri. An yi ɗakunan saukar baƙi, an fitar da hanyoyin zagaya daji, an ɗauki masu gadi. A hankali kuɗi ya daina zuwa. Hanyoyi suka shafe, rufin ɗakuna ya zube, mafarauta da masu saran itace suka sami sarari, masu gadi suka rage daga su sai tsofaffin bindigogi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da aka fatattaki 'yan Boko Haram daga cikin Maiduguri, sun tarar da daji mai duhu wanda hukuma ta riga ta juya wa baya. Ba ina cewa da an gyara ɗakunan baƙi da ba a yi yaƙi ba. Abin da nake cewa shi ne, dajin da ma'aikata ke kwana a ciki, motoci na shiga suna fita, ana sanin wanda ya kafa bukka a cikinsa tun ranar farko. Abin da aka kashe daga baya don ƙwato Sambisa, na kuɗi da na rayukan sojoji, ba ya ko kama hanyar kwatantuwa da albashin masu gadin daji. Kuma ba Borno kaɗai ba: Kamuku a Birnin Gwari da dajin Rugu a Katsina duk sun bi sahu.

Hujjar da aka fi kawowa a Maiduguri ita ce tsaro. A garin da ake binne mutane kullum, wa zai yi maganar lilo? Hujja ce mai nauyi, kuma mutanen Mairi sun fi kowa sanin nauyinta, domin unguwarsu na bakin gari ta ɓangaren da maharan suka sha ɓullowa. A Janairun 2017 bam ya tashi a masallacin cikin jami'a da asuba ya kashe Farfesa Aliyu Mani, daga baya aka haƙa rami a bayan makarantar. A Fabrairun 2021 aka harbo rokoki cikin gari, ɗaya ya faɗa inda yara ke buga ƙwallo a Gwange ya kashe da dama daga cikinsu. Uwar da ta ji wannan labari in ta kulle ɗanta a gida ba za a ga laifinta ba. Taron jama'a da kansa ya zama abin tsoro na tsawon shekaru, har ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta El-Kanemi Warriors ta yi kakanni tana buga wasanninta na gida a wasu jihohi.

Amma hujjar ta tsufa. A cikin shekarun nan an gina gadar sama a shataletalen Kwastam, an buɗe ta a 2021. An gina manyan makarantu masu hawa-hawa, an shimfiɗa tituna, an kafa tashar lantarki mai aiki da iskar gas a 2023 bayan an yi ta fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu. Waɗannan ayyuka ne na a yaba, kuma sun nuna cewa in an so ana iyawa. El-Kanemi ma ta dawo gida, har ta ɗauko kofin ƙalubale na ƙasa a 2024, karo na uku bayan na 1991 da 1992. Garin da ya iya wannan ba zai ce fili mai katanga da bishiya goma da famfo ɗaya a kowace unguwa ya gagare shi ba. Ni a ganina ma tsaron shi ne babbar hujjar yin filayen. Yaron da aka haifa a Maiduguri a 2009 bai san garinsu ba tare da shingen bincike ba. Likitocin ƙwaƙwalwa da ƙungiyoyin agaji sun san amfanin wasa ga yaron da ya ga abin da bai kamata ya gani ba, shi ya sa a sansanonin gudun hijira sukan kafa rumfa ta musamman don yara su yi wasa da zane. Abin mamaki, yaron sansani ya sami wurin wasa, da aka rufe sansanonin ya koma cikin unguwa sai ya rasa.

Akwai kuma waɗanda ba a ko sa su a lissafi. Namiji ko ta yaya zai sami inda zai sa kansa. Yaro na da titi, saurayi na da gidan kallon ƙwallo da teburin mai shayi, magidanci na da majalisa. Yarinya fa? Da ta wuce shekarun 'yar gala-gala da carafke a ƙofar gida, shi ke nan, duniyarta ta koma makaranta, talla, da tsakar gida. Matar da ke haya a ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar, a gidan da tsakar gidansa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ga rufin kwano, ga zafin bazara, ga babu wuta, ina za ta je ta miƙe ƙafa? Biki, suna, gaisuwar mutuwa, asibiti. Likita zai ce wa mai hawan jini ko ciwon suga ta riƙa tattaki, ba ya tambayar a ina. A titin da babu gefen masu tafiya da ƙafa, keke na huci a bayanta, majalisa na binta da ido? Wurin shaƙatawa mai katanga, mai mai gadi, wanda aka ware wa mata wasu ranaku ko wasu sa'o'i, ba ya karo da addini ko al'ada ta kowace fuska. Masu cewa irin wuraren nan matattarar lalata ce suna kwatanta wurin da aka yi watsi da shi ne. Inda ciyawa ta rufe, fitila ta mutu, mai gadi ya daina zuwa, dole 'yan shaye-shaye su gaje shi. Ba lilon ne ya kira su ba.

Batun fili kuwa ya fi na kuɗi wuya, domin kuɗi na dawowa, fili ba ya dawowa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna a matsayin amana. A ƙa'ida, duk shimfiɗar unguwa da hukuma ta zana tana ware wurin makaranta, da kasuwa, da asibiti, da filin wasa. Filin wasan shi ake fara yanka, tunda shi ne ba shi da mai kuka. Yau a ce an ba wani aro ya kafa kwantena, gobe a ga tubali, jibi a ga takardar mallaka. Unguwannin da suka tashi ta hanyar awon igiya kuwa, inda mai gona ke yanka gonarsa ya sayar ta hannun dillalai, tun farko ba a ware komai ba, ko hanyar kirki da ƙyar ake bari. Babu dillalin da zai bar fuloti huɗu fanko don 'ya'yan wasu su yi langa. Yawancin gefen Maiduguri haka ya tashi, kuma haka yake ci gaba da tashi.

Wasu garuruwan sun faɗa wannan rami sun fita. A birnin Alƙahira, kusa da masallacin Azhar, akwai wani tudun juji da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba wa shara. Gidauniyar Aga Khan ta kwashe shi ta mayar da shi lambu, aka buɗe a 2005. Abin koyi a nan ba kyan lambun ba ne. Tun kafin a dasa bishiyar farko an tsara inda kuɗin kula da shi zai riƙa fitowa, daga kuɗin ƙofa da gidajen abincin da ke ciki, kuma an ɗauki mutanen unguwar da ke maƙwabtaka aiki a wurin. Wanda abincinsa ke fitowa daga lambu ba zai bari a sace famfonsa ba. A New York ta Amurka ma, babban lambun tsakiyar birnin ya lalace a shekarun 1970 har mutane na tsoron shiga, sai da mazauna garin suka kafa ƙungiya a 1980 ta karɓi ɗawainiyarsa tare da hukuma.

Ba ma sai mun je nesa ba. Musulunci ya ba mu wakafi, kuma hikimar wakafi ita ce ba a tsayawa ga gina abu, sai an haɗa shi da abin da zai ciyar da shi. A ƙasashen musulmi da dama mai gina masallaci ko rijiya yakan haɗa da shaguna ko gona, kuɗin hayarsu ya riƙa biyan mai shara da mai gyara har bayan ransa. Attajiranmu sun iya gina masallaci, wani lokaci uku a layi ɗaya. Da ɗaya daga cikinsu zai sayi fuloti shida a Mairi ya kewaye, ya dasa darbejiya, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya gina shaguna biyar a jikin katangar ya ce hayarsu ta mai gadi da mai ban ruwa ce, malamai su ne za su faɗa mana ko wannan bai shiga sadaka mai gudana ba. Garin da matasansa suka tashi da gora a 2013 suka tsare unguwanninsu lungu-lungu ba za a ce bai san yadda ake haɗa kai a kan abin da ya dame shi ba. Abin da ya rage shi ne a ɗauki wurin wasan yara a matsayin abin da ya dame mu.

Gidan zu na Kyarimi za a iya sake cika shi da dabbobi, madatsar Alau ma ana kan aikinta. Ranar da za a yanke ƙyallen kowannensu za a yi jawabai, za a faɗi abin da aka kashe. Ɗan jaridar da ya sami damar tambaya a ranar, kada ya ɓata ta a kan nawa aka kashe. Ya tambayi nawa aka ware na shekara mai zuwa, a wane layi na kasafi yake, kuma wane ne, da sunansa da ofishinsa, za a kama in aka dawo bayan damina uku aka tarar da tsatsa. Mai karatu kuma da ke zaune a unguwar da har yanzu akwai sauran fili, ya haɗa maƙwabtansa su je wurin bulama da kansila tun yau, a nemo taswirar unguwar a ga abin da aka ware, a sa shi a rubuce, a dasa bishiya a kewaye shi kafin dillali ya riga su.